Tseren Uku: Mai Shiga Ya Nemi Abokan Shiri

Akwai wani wasa na motsa jiki wanda ya yaɗu a ƙasashen Turai da Amurka da Japan da Afirka ta Kudu, Turawa suna ce da shi tirayatalon, watau tseren uku. Mutum ɗaya ne zai faɗa ruwa ya yi iyo, in ya fito ya hau keke, in ya sauka daga keken ya sheƙa da ƙafa har ya kai ƙarshen fage. Agogo kuwa ba ya tsayawa tun daga faɗawarsa ruwa har ƙarewarsa. Ko lokacin da ya ɓata wajen tuɓe rigar ruwa da ɗaura takalmi, duk ana lissafa masa a ciki.

Mafi yawan masu shiga wannan tsere ba sana'arsu ba ce. Malaman makaranta ne, da akawuna, da ma'aikatan asibiti, da 'yan kasuwa, da dattawan da suka bar aiki. Su ke biyan kuɗin shiga daga aljihunsu, abin da su ke komawa gida da shi kuwa lambar ƙarfe ce da tsamin jiki. To, irin waɗannan mutane hanya biyu ce a gabansu. Wani ya kan yi shirinsa shi kaɗai, ya aika da sunansa shi kaɗai, ran tsere ya je fage ba wanda ya san shi. Wani kuwa ya kan shiga kulob, ya yi shiri tare da jama'a, ya sa rigarsu. Hanya ta biyu ita ce ta fi kyau ga mai sha'awa, har ma wani lokaci ita ce ke tsakaninsa da halaka. Ga dalilan nan tafe, amma sai an fara duba asalin wasan.

Tseren uku irin na wannan zamani a cikin kulob aka haife shi. Ran 25 ga Satumba, 1974, waɗansu mutum biyu, Jack Johnstone da Don Shanahan, 'yan kulob ɗin masu gudu na birnin San Diyego a Kalifoniya ta Amurka, suka shirya tsere a bakin ruwan da a ke kira Mission Bay. Da yamma aka yi shi, bayan an tashi daga aiki, mutum 46 suka shiga. Tsarin ran nan ya sha bamban da na yanzu, domin da gudu aka fara. A cikin waɗanda suka shiga har da wani hafsan sojan ruwa, John Collins, da matarsa Judy.

Daga baya aiki ya kai Collins tsibirin Owahu na Hawai. A can gardama ta tashi tsakanin 'yan kulob ɗin gudu da 'yan kulob ɗin iyo, kowa na cewa mutanensa sun fi juriya. Sai shi da matarsa suka kawo shawara a haɗa manyan tsere uku da a ke yi a tsibirin, a yi su a yini ɗaya: iyo mil 2.4 a teku, keke mil 112, gudu mil 26.2. Mai karatu ya kwatanta: tafiyar keken kaɗai ta kai nisan Kano zuwa Katsina har da 'yar ɗoriya. Ran 18 ga Fabrairu, 1978, mutum 15 suka faɗa ruwa, 12 suka ƙare. Gordon Haller ne ya ci, cikin awa 11 da minti 46 da sakan 58. Wannan shi ne mafarin tseren da a ke kira Ironman, wanda aka mai da shi garin Kona a 1981.

Akwai abin lura cikin tseren nan na farko. A lokacin kowane mutum da 'yan rakiyarsa, su ke bin sa a mota da ruwa da abinci. Wani sojan ruwa, John Dunbar, shi ke gaba har aka shiga gudu, sai ruwa ya ƙare wa 'yan rakiyarsa, suka riƙa ba shi giya a maimakonsa. Haller ya wuce shi, ya zo na biyu. Tun daga ranar farko ke nan aka ga cewa ƙarfin mutum bai isa ba, sai ya sami mataimaka, kuma mataimakan su zama sun san abin da su ke yi.

Ba kowane tseren uku ne ya ke da wannan tsawo ba. A 1989 aka kafa ƙungiyar wasan ta duniya a garin Abinyon na Faransa, aka tsai da ma'auni: iyo mita 1,500, keke kilomita 40, gudu kilomita 10. Da wannan ma'auni wasan ya shiga gasar Olamfik a Sidini ta Ostireliya a shekara ta 2000. Akwai kuma gajere, rabin wancan: iyo mita 750, keke kilomita 20, gudu kilomita 5, shi ne ƙofar masu farawa. Masu sha'awa ana kasa su bisa ga shekarunsu, biyar biyar, maza dabam mata dabam, domin ɗan shekara 52 ya gwada kansa da tsararsa, kada a auna shi da saurayi.

To, masu son yin shiri su kaɗai suna da hujja, ba kuwa ƙarama ba ce. Su kan ce dokar wasan ita kanta ta kaɗaita mutum. A mafi yawan tseren masu sha'awa an hana mai keke ya manne a bayan wani don ya sha inuwar iska. Tilas ya bar tazarar mita 10 ko 12, in ba haka ba alƙali ya tsai da shi ya ci tararsa da mintoci. An hana ɗan'uwa ko aboki ya miƙo masa gorar ruwa daga gefen hanya. In tayarsa ta yi faci, shi zai durƙusa ya gyara. Har ma akwai labarin 'yan'uwan nan biyu na Ingila, Alistair Brownlee da ƙanensa Jonny. A watan Satumba na 2016, a tsibirin Kozumel na Meziko, Jonny ne ke gaba, saura kaɗan ya ƙare, zafi ya buge shi ya fara tangaɗi. Wansa ya iso, ya rungumo shi, ya tallafe shi har bakin layi, ya tura shi ya ƙetare. Henri Schoeman na Afirka ta Kudu ya wuce su ya ci. Duniya ta yaba wa wan, amma bayan haka sai hukumar wasan ta gyara dokarta, ta hana ɗan tsere ya tallafi wani ya ciyar da shi gaba. Saboda haka masu wannan ra'ayi su kan ce: tun da ran tsere ba mai ɗaukar wani, gara mutum ya saba da kaɗaici tun daga gida.

Gaskiya ne ran tsere kowa tasa ta fisshe shi. Amma tsere yini ɗaya ne, shiri kuwa watanni ne, kuma a cikin watannin nan ne a ke sanin wanda zai ƙare da wanda za a ɗauko.

Dalili na farko shi ne ruwa. A 2017 waɗansu likitocin zuciya na Amurka, a ƙarƙashin Dakta Kevin Harris na birnin Miniyafolis, suka buga sakamakon binciken da suka yi a kan tseren uku da aka yi a ƙasarsu daga 1985 zuwa 2016. Suka ƙidaya mutum 135 waɗanda suka mutu ko zuciyarsu ta tsaya cikin tsere. Daga ciki 90 a cikin ruwa abin ya same su. Kashi 85 cikin 100 maza ne, kuma haɗarin ya fi tsanani ga mazan da suka haura shekara 40. Waɗansu da dama daga cikinsu shigarsu ta farko ke nan. Da aka duba gawar waɗansu, sai aka tarar da ciwon zuciya a ɓoye wanda mai shi bai san da shi ba. Kada wannan ya firgita kowa, gama in an auna da yawan masu shiga, abin bai kai mutum 2 cikin 100,000 ba. Amma ya nuna inda haɗarin ya taru. Iyo shi ne mafi gajarta cikin ukun, shi ne kuma ya fi cin rai.

Dalilin haka a fili ya ke. Mai shiri shi kaɗai galibi a kwamin wanka na cikin gari ya ke koyo, inda ruwa ya ke garau, da ɗumi, ga layi a ƙasa yana bi, ga bango kusa in ya gaji ya kama. Ran tsere kuwa tafki ne ko teku. Ruwan da sanyi, ba ya ganin ko tafin hannunsa, rigar roba ta matse masa ƙirji, mutane ɗari ko fiye sun faɗa tare da shi, wannan ya shure shi a fuska, wancan ya hau bayansa. Numfashi ya sarƙe, tsoro ya shiga, zuciya ta ɗauki bugu, ga shi babu bangon kamawa. Maganin wannan shi ne sabo, sabon kuwa ba ya samuwa sai an shiga irin ruwan sau da yawa kafin ranar. Mai hankali ba ya shiga tafki shi kaɗai. Kulob mai tsari ya kan keɓe rana, a je tare, a ƙidaya waɗanda suka shiga da waɗanda suka fito, a sa mutum a kwalekwale yana duba kawuna. A can ne a ke koya wa sabon shiga ya tsaya a baya ko a gefe in za a faɗa ruwa, ya riƙa ɗaga kai yana duban alama don kada ya karkace, in kuma tsoro ya kama shi ya juya rigingine ya ɗaga hannu har a zo. Mutum zai iya karanta duk wannan a littafi, amma karatu ba ya zama jiki sai an yi, kuma a gaban mai ceto.

Dalili na biyu shi ne ilmin abin. Wasa uku ne, kowane da nasa sirri, sa'an nan ga sirrin haɗa su. Akwai doka cewa mutum ba ya cire kekensa daga maratayi sai ya ɗaure igiyar hular kwano, ba ya kuma kwance ta sai ya mai da keken. Akwai layin da ba a hawa keke sai an ƙetare shi. Wanda bai taɓa sauka daga keke ya kama gudu nan take ba, ranar da ya fara zai ji ƙafafunsa kamar na aro. Ga kuma sha'anin ci da sha: wanda ya ƙi ci a kan keke zai ƙare ƙarfi a wajen gudu, wanda ya ɗura ruwa zalla fiye da kima kuwa gishirin jikinsa ya kan ragu har ya kai shi asibiti. A kulob akwai wanda ya riga ya yi kowane ɗaya daga cikin kurakuran nan, zai faɗa wa na baya kyauta.

Nan ya kamata a tuna da Julie Moss. Ɗaliba ce 'yar shekara 23, ta shiga Ironman a watan Fabrairu na 1982 don binciken da ta ke yi a makaranta a kan motsa jiki, ba ta kuwa daɗe tana shiri ba. Ita ke gaban mata duka har kusa da ƙarshe, sai jikinta ya ƙi. Ta faɗi, ta tashi, ta sake faɗuwa. Saura 'yan taku Kathleen McCartney ta wuce ta, ita kuwa ta ƙarasa da rarrafe, sakan 29 a baya. Aka nuna wannan a talabijin, mutane da yawa suka ce ganinsa ne ya sa su shiga wasan. Ba mai musun ƙarfin zuciyarta. Amma mai iyali wanda zai koma ofis ran Litinin, kada ya ɗauki rarrafen nan abin koyi. Abin da ya kamata ya ɗauka shi ne ba a fafe gora ranar tafiya.

Dalili na uku shi ne kuɗi. Mai gudu takalmi kawai ya ke bukata, amma mai tseren uku sai ya nemi keke, da hular kwano, da rigar roba, da tabarau na ruwa, da kuɗin shiga wurin iyo, da kuɗin rubuta suna, da na mota da masauki. Akwai kekunan tsere da kuɗinsu ya kai na ƙaramar mota. Wanda ba shi da abokan shawara, mai kanti ne malaminsa, mai kanti kuwa ba zai ce masa tsohon kekensa ya isa ba. A kulob ne zai ga dattijo a kan keken da ya shekara goma yana wuce samari masu sabbin kaya, ya gane cewa ƙafa ce ke tuƙi. A can a ke ba da aron riga, a sayar da na hannu da araha, a haɗa kuɗi a kama layi a wurin iyo, mutum huɗu su shiga mota ɗaya zuwa garin da za a yi tsere. Kuɗin shekara da a ke biya wa kulob sau da yawa bai kai abin da mutum zai yi asararsa a sayayya ɗaya ta rashin sani ba.

Dalili na huɗu shi ne ɗorewa. Mai aiki ba shi da lokacin shiri sai da asuba ko bayan magariba. A ƙasashen sanyi kuwa asubar hunturu duhu ce da ƙanƙara. Wanda ya yi wa kansa alkawari shi kaɗai, da sauƙi ya ke warware shi, ya ja bargo ya ce gobe. Wanda ya san mutum biyar na tsaye a bakin hanya suna jiransa, kunya za ta tashe shi ko da niyya ta kasa. 'Yan'uwan nan biyu da aka ambata, wanda babbansu ya ci zinariyar Olamfik a 2012 da 2016, tun suna yara suka shiga kulob ɗin masu gudu na Bingley Harriers a lardin Yokshaya, suna bin manya a kan tuddai. Haka kuma wasan ba shi da iyakar shekaru ga wanda ya ɗore. Madonna Buder ta Amurka ta ƙare Ironman a Kanada a 2012 tana da shekara 82. Hiromu Inada na Japan ya ƙare na Kona a 2018 yana da shekara 85, saura 'yan mintoci awa 17 da aka ƙayyade ta cika. Ba a kai wannan matsayi da zafin wata uku, sai da haƙurin shekaru.

Duk da haka, kada a ɗauka kowane kulob alheri ne. Akwai wanda manyansa suka mai da shi wurin nuna kaya, in sabon shiga ya zo da tsohon keke a riƙa kallonsa a wulaƙance. Akwai inda gwanaye ke sheƙawa su bar na baya a hanyar da bai sani ba. Akwai kuma cutar da ke cikin taro ita kanta: mutum ya ga tsaransa sun rubuta suna a dogon tsere, shi ma ya rubuta don kada a ce ya kasa, alhali jikinsa bai kai ba, iyalinsa kuma ba su amince da sa'o'in da abin zai ci ba. Wannan aibi ne na gaske. Saboda haka mai neman kulob ya je ya gani da idonsa kafin ya biya ko kwabo. Kada ya tambayi lambobi nawa suka ci. Ya duba yadda su ke yi da wanda ya fi kowa nawa: ana jiransa a mararraba, ko kuwa ana barinsa? Ya duba ko ana ƙidaya kawuna a bakin ruwa. Ya duba ko akwai mata da dattawa a cikinsu, gama inda waɗannan suka zauna galibi akwai ladabi. In ya ga mai koyarwa yana ce wa wani ya huta yau, to, ya sami wurin zama.

Akwai kuma waɗanda kulob ya yi musu nisa: mai aikin dare, da mazaunin ƙauye, da uwar 'ya'ya ƙanana wadda ba ta da ikon fita a sa'ar da aka tsayar. Waɗannan ba laifinsu ba ne, ba kuwa za a ce su bar wasan ba. Gudu da keke ana iya yinsu a kaɗaice, in mutum ya faɗa wa na gida hanyar da zai bi da lokacin komowarsa. Amma ko mutum uku suka yi alkawarin haɗuwa sau ɗaya a mako a bakin ruwa, ɗaya na tsaye biyu na ciki, sun riga sun zama kulob, ko da ba su da suna ko riga. Haka aka fara a San Diyego. Ga kuma wata ƙofa: a tsere da yawa ana yarda mutum uku su shiga da suna ɗaya, wannan ya yi iyo, wannan ya hau keke, wancan ya yi gudu. Wanda bai amince da iyonsa ba tukuna sai ya ɗauki keke ko gudu, ya ga yadda ranar ta ke tafiya, baɗi ya dawo ya yi ukun.

Sha'anin ya yi kama da aikin gayya. An taru a gona ɗaya, an zo tare, za a ci abinci tare, amma in an jera kowa kunyarsa ya ke kamawa, ba mai riƙe wa wani fartanya. Ɗan kulob ma in an busa usur shi kaɗai zai faɗa ruwa, ba wanda zai yi masa ko bugu ɗaya. Bambancinsa da wanda ya zo a kaɗaice shi ne ya taɓa shiga irin ruwan nan, ya san abin da zai yi in numfashi ya sarƙe, kuma akwai mutane a bakin gaɓa waɗanda suka san lambarsa, suka san lokacin da ya kamata ya fito, za su kuwa ta da murya in bai fito ba.

Saboda haka duk wanda wannan wasa ya shiga ransa, ko wanda ɗansa ko ƙanensa ya rubuto daga wata ƙasa cewa zai shiga, ga abin da ya dace. Ya fara zuwa wurin likita a duba zuciyarsa, musamman in ya haura shekara 40 ko akwai ciwon zuciya a danginsa. Ya fara da gajeren tsere, ya bar dogon sai bayan shekaru. Ya yi shawara da iyalinsa a kan lokaci da kuɗi tun kafin ya aika da suna. Sa'an nan ya nemi jama'ar da zai yi shiri tare da su, kada kuma ya kuskura ya shiga tafki ko teku ba mai kallonsa daga tudu.